Kada Mu Zubar da Lanƙwasa Saboda Laifin Kwamfuta

Wannan makon maganarmu kan ƙ, ɗ da ɓ ce. Da yawanmu mun daina rubuta su, hujjarmu ita ce suna fitowa a gurɓace a kwamfuta. Hujjar ba ta isa ba. Kura daban, ƙura daban. Bari daban, ɓari daban. Wanda ya cire lanƙwasa ya bar mai karatu da lalube.

Kafin mu yi fushi da harafi, mu gane ciwon tukuna, don ba iri ɗaya ba ne.

Idan ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, nau'in haruffan da muka zaɓa ne ba shi da shi. Idan kuma ya fito amma ya fi maƙwabtansa kauri ko siranta, manhajar ce ta aro shi daga wani nau'in don cike gurbi. Maganin duka biyun ɗaya ne: mu koma nau'in da aka zana da haruffanmu a ciki, irin su Charis SIL, Andika ko Noto Serif. Duk kyauta ake saukar da su.

Ciwo na uku shi ne dishi-dishi, wani lokaci har da alamar ja ko shuɗi a gefen harafi. Wannan daga allo yake. Kwamfuta na sassauta gefen haruffa don kada su yi kama da haƙoran zarto, kuma a Windows ana kiran dabarar ClearType. Lanƙwasa siririya ce, ita take fara dusashewa. Mu ƙara girman shafin. Idan harafin ya fito tas, rubutunmu lafiya lau yake. Sai mu rubuta ClearType a wurin bincike na Windows, mu bi matakan daidaitawa har ido ya gamsu.

Na huɗu ya fi haɗari. Tsofaffin nau'o'in haruffan Hausa sun yi mana aiki a zamaninsu, amma sun ɗora lanƙwasa ne a kan wasu alamomi na daban. Shi ya sa littafi kan isa wata kwamfutar, "ƙasa" ta koma "}asa". Yanzu kowane harafinmu na da lambarsa a tsarin Unicode, don haka mu yi rubutu da allon madannai na Hausa, kamar na Keyman ko Gboard.

Lokacin miƙa aiki ga maɗaba'a, mu mayar da shi PDF tare da cusa haruffan a cikinsa, sannan mu buga shafi guda a takarda mu duba da idonmu.

Mun san wasu za su ce ai mai karatu zai gane daga jimla. Babba zai gane, amma yaron da ke koyon karatu daga littafinmu abin da ya gani shi zai ɗauka. Gyaran bai kai rabin awa ba.

Wanda matsalarsa ta ƙi ci, ya ɗauko hoton allonsa ya ajiye a nan ƙasa, mu duba tare. Allah ya ƙara basira.