Matasan Kankiya da Kusada na amfani da kwamfutar tebur kamar waya, kuma suna asara

Duk lokacin da makarantu suka buɗe rajista, shagunan intanet na Kankiya kan cika da ɗalibai, wasu 'yan cikin gari, wasu sun hawo babur daga Kusada. Ko Jami'ar Tarayya ta Dutsinma mutum yake nema, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko makarantar koyon aikin lafiya da ke Kankiya, aikin kusan ɗaya ne: a buɗe shafin makaranta, a kwafo lambar NIN, a ciro lambar biyan kuɗi ta Remita, a duba imel, a ɗora hoto. Abu biyar ke nan a buɗe lokaci guda, kuma a nan ne matashin da ya ƙware da waya yake rikicewa.

Laifin sabo ne. Waya tana nuna manhaja ɗaya, ta cika fuska, sai an ture ta wata ta fito. Android ta kawo raba fuska biyu tun 2016, amma a fuskar da ba ta wuce tafin hannu ba kaɗan ne suka damu da shi. Da wannan sabon ake zama gaban kwamfuta: kowace taga a buɗe ta ta cika fuska, a haddace lambobi, a koma ɗayar a rubuta. Lambar NIN guda 11 ce, ta Remita 12. Wanda ya dogara da hadda, ga layi a bayansa ana cewa ya yi sauri, da wuya ya wuce lafiya kullum. Lamba ɗaya ta sauya wuri, ko harafi ɗaya ya faɗi a suna, sai a shiga zaryar gyara, ga kuɗin mota, wani lokaci har wa'adi ya cika.

Maganin yana kan kibod, kyauta. Tun Windows 7 da ta fito a 2009, idan aka danne maɓallin Windows tare da kibiyar hagu, tagar da ake kai za ta koma rabin hagu. A yi wa ta biyu haka da kibiyar dama. Takardar da ake kwafa a gefe, fom ɗin da ake cikawa a gefe, ido na ganin duka. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a bar waya a zauna gaban kwamfuta. Alt da Tab na tsallakawa tsakanin tagogi ba tare da an taɓa linzami ba. Idan kuma aka rufe shafi bisa kuskure a Chrome, Ctrl da Shift da T za su dawo da shi. Windows 11 ta ƙara tsarin jera tagogi uku ko huɗu da maɓallin Windows da Z, sai dai a ƙananan fuskokin da aka fi samu a shaguna, biyu sun wadatar. Huɗu wahalar da ido ne kawai.

Wasu masu shago za su ce wannan ba matsalarsu ba ce, su ai sun saba, shafuka ashirin a buɗe suna aiki. To, amma kwamfutocin da suke hannunsu yawanci na hannu ne, masu ƙaramin RAM, kuma kowane shafi da aka bari a buɗe yana cin nasa kason. Nauyin da ake ɗora wa “netwok” sau da yawa na shafukan jiya ne da ba a rufe ba. Kuma kwamfutar tebur ba ta da batir. In aka ɗauke wuta babu UPS, kafin a tayar da janareta duk fom ɗin da aka bari rabi ya tafi.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne cakuɗa aikin mutane. Mai shago yana yi wa mutum uku aiki, tagoginsu a haɗe, sai hoton wannan ya hau fom ɗin wancan. Windows 10, tun 2015, tana ba da damar buɗe tebur daban-daban a kwamfuta ɗaya: Ctrl da Windows da D na buɗe sabo, Windows da Tab na nuna su duka. Kowane kwastoma da teburinsa. Amma a sani, wannan tsara aiki ne kawai, ba ya ɓoye komai. Imel ɗin da aka bari a buɗe a tebur na biyu yana nan ga duk wanda ya zauna daga baya. Ɗalibi ya nemi a yi masa aiki a tagar sirri, wadda Ctrl da Shift da N ke buɗewa, kuma kada ya tashi sai ya ga an rufe ta, an goge takardunsa da aka sauke.

Cibiyoyin koyar da kwamfuta kan fara da Microsoft Word, a yi makonni ana koyon ƙawata rubutu. Ya kamata jera tagogi ya riga shi shiga darasi. Ba ya cin fiye da zama ɗaya, kuma shi ɗalibin zai fara buƙata ranar da aka buɗe rajista.