Ra'ayinmu: Kyautar Ƙamus Ga Ɗan Aji Uku

A shekarar 1992 wata mata mai suna Annie Plummer, a garin Savannah na jihar Jojiya a Amurka, ta raba ƙamus 50 ga yaran makarantar da ke kusa da gidanta. A 1995 Mary French ta ɗauki wannan tunani ta kafa ƙungiyar Dictionary Project a jihar Karolina ta Kudu. Daga nan ƙungiyoyin hidimar al'umma irin su Rotary da Lions da Kiwanis suka rungumi aikin. Mambobi su yi karo-karo, su sayi ƙamusoshi, su shiga aji da kwalaye, su miƙa wa kowane ɗan aji uku nasa. Yaro ya rubuta sunansa a bangon ciki, ya sa a jaka, ya tafi da shi gida.

Ba a banza aka zaɓi aji uku ba. A nan ne yaro yake barin koyon haɗa baƙi, ya fara amfani da karatu wajen fahimtar lissafi da kimiyya da tarihi. Kalma ɗaya da ta shige masa duhu tana iya hana shi gane darasi gaba ɗaya. Masu goyon bayan shirin sun ƙara da cewa a gidajen talakawa da yawa, wannan ƙamus shi ne littafi na farko da yaro zai kira nasa na kansa. Yana neman kalma ɗaya, idonsa zai faɗa kan wasu biyar a shafin.

Masu suka ma suna da tasu hujja. Sun ce yau ana samun ma'anar kalma a waya cikin ƙiftawar ido, don haka gara a kashe kuɗin kan littattafan labarai ko horar da malamai. Babbar maganarsu kuwa ita ce ƙamus ba ya koya wa kowa karatu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: yaron da bai san jerin baƙaƙe ba, ko bai san amfanin kalmomin nan biyu da ke saman kowane shafi ba, zai buɗe ya rufe, littafin ya ƙare a ƙarƙashin gado. Sun kuma lura cewa raba kyauta a ɗauki hoto ya fi sauƙi a kan komawa a ga ko kyautar ta yi amfani.

Maganar ta shafe mu, domin Rotary ba baƙuwa ba ce a nan. A Kano aka kafa reshenta na farko a Nijeriya a 1961, kuma mutane sun san rawar da ta taka a yaƙi da shan-inna. Sai dai yaron Amurka ana ba shi ƙamus a harshen da yake magana da shi. Ɗan aji uku a Bichi ko Funtuwa, idan aka ba shi ƙamus mai fassara Turanci da Turanci, an ƙara masa wahala ne. Abin da zai amfane shi shi ne ƙaramin ƙamus na Turanci da Hausa mai hotuna, da malamin da zai nuna masa cewa ɓ na bin b, ƙ kuma na bin k. Manyan ayyuka irin ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun share fage, amma ba don ƙananan yara aka tsara su ba.

Matsayinmu shi ne shirin ya cancanci yabo, a kuma ci gaba da shi, domin ba kowane gida ke da waya da kuɗin data ba. Amma duk ƙungiyar da za ta yi shi ta zauna da malamai tukuna, ta zaɓi ƙamus daidai da shekarun yaran da harshensu, ta nemi a ware darasi na koyon amfani da shi, sannan ta dawo ƙarshen zango ta duba. Idan ta tarar shafukan sun yi datti, gefunansu sun lanƙwashe, to kuɗinta bai tafi a banza ba.