Mai Niyyar Hutu A Malaga Ya Shirya Tun Daga Gida

Tafiya mabuɗin ilmi ce, saboda haka babu laifi ga ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Fatakwal da Allah Ya hore masa ya kai iyalinsa hutu Malaga, wani birni na ƙasar Sifen a bakin Bahar Rum. Musulmi sun mulki birnin nan har shekarar 1487, kuma ganuwarsu da ake kira Alkasaba tana nan tsaye. Amma wajibi ne a yi shiri tun da wuri.

Ana karɓar takardar neman biza tun saura wata 6 a tashi, kuma kada a bari sai ya rage ƙasa da kwana 15. Tun shekarar 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba. Ana kuma bukatar inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa. A guji watan Agusta, lokacin da zafi da cunkoso da tsadar masauki suke haɗuwa.

Babban abin lura shi ne, bizar nan ba ta wuce kwana 90 cikin kwana 180. Wanda ya zarce kwanakin da aka ba shi, ko ya sayi takardun jabu wurin 'yan cuwa-cuwa, ya jawo wa kansa kora, ya kuma sa a tsananta wa na bayansa, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. A je ta hanyar gaskiya, a komo kan lokaci.