Jariri Ba Shi Da Katin Jam'iyya!

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Umar bin Khaɗɗabi (RA) ya yanka wa yara albashi daga baitulmali, amma sai wanda aka yaye. Wani dare ya ji jariri yana tsala kuka. Da ya bincika, ashe uwar ce ke ƙoƙarin yaye shi tun lokaci bai yi ba, don ya shiga sahun masu karɓa. Gari na wayewa Halifa ya soke sharaɗin, ya mayar da abin haƙƙin duk wanda aka haifa.

To, ina mahukuntan yau?

A 2014 aka fara biyan mata masu juna biyu Naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, har yaro ya cika shekara biyu, a ƙananan hukumomin Kirikasamma, Buji da Gagarawa. Kuɗin daga gwamnatin Ingila suka fito, ba daga aljihun Dutse ko Abuja ba. A ƙauyukan da aka zaɓa, ciki kaɗai ne sharaɗi. Bincike ya nuna tsumburewar yara ta ragu. A 2019 shirin ya ƙare.

Yau fa? Sai sunan mace ya shiga rajista, sai lambar ɗan ƙasa, sai asusun banki, sai wanda zai tsaya mata. Wai matar da ambaliyar 2022 ta cinye wa shinkafa a fadamar Haɗeja, kachala ta toshe wa mijinta hanyar su, ita ce za ta yi ta safa da marwa zuwa banki da goyo a baya? Idan ta fita aikatau, 'yar shekara bakwai ce ke renon jaririn, ta rasa boko, ta rasa allo. Laifin wa ke nan?

An cire tallafin man fetur a 2023, kason jihohi ya ƙaru, kwanon gero ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka babu sauran uzurin "babu kuɗi".

Abin da ake bukata a fili yake: duk talaka mai ciki ko mai shayarwa ta shiga, katin awo da shaidar mai unguwa su wadatar, a kuma ƙara kuɗin daidai da tsadar kasuwa. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Duk shugaban da kukan jariri bai hana shi barci ba, ya shirya amsar da zai bayar ranar gobe ƙiyama.