Na'ura ta rubuta, wa zai duba?

Tun da aka fito da ChatGPT cikin watan Nuwamba na 2022, aikin masu rubuta manhajar kwamfuta ya sake kama. Abin da injiniya kan kwana uku yana tsarawa, yau ƙirƙirarriyar basira tana zubo masa shi kafin shayi ya huce. Ba mu ƙi wannan ci gaba ba. Amma wajibi ne shugabannin ma'aikatu su san inda na'urar ta samo gwanintarta. Ta koya ne daga tulin rubutun da wasu suka yi, domin wata bukata, cikin wani hali dabam. Kayan aro ne, Hausawa kuwa sun ce ba ya rufe katara.

Turai ta ɗanɗana kuɗar irin wannan aro tun na'urar ba ta iya rubutu ba. Ran 4 ga watan Yuni na 1996 aka harba roka ta farko samfurin Ariane 5 daga Kuru, cikin Giyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan Adam 4. Daƙiƙa 40 ke nan da tashinta ta kauce hanya, ta tarwatse. Kwamitin bincike, a ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions, ya gano cewa an ɗauko manhajar auna tafiya daga Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya. Sabuwar roka ta fi tsohuwar gudu, sai wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanada masa. Na'urar da aka ajiye don ko-ta-kwana ita ma manhajar ke nan gare ta, ta faɗi kamar ƴar'uwarta. Ba wanda ya gwada tsarin da lissafin tafiyar sabuwar roka, domin kowa ya amince da sunan tsohuwar.

To, idan gwanayen Turai sun tsallake gwaji saboda yarda da aikin hannunsu, ina ga matashin da na'ura ta miƙa wa layi dubu masu kyan gani, maigida kuma yana jira?

Ra'ayinmu shi ne kada a karɓi layi ko ɗaya da mai sa hannu ba zai iya bayyana shi da bakinsa ba. Mutum na biyu ya karanta. A tsara gwaji daga bukatar masu amfani, kada a bar na'urar da ta yi aikin ta zama ita ce alƙalinsa. Sannan a saki sabon gyara kaɗan-kaɗan. Ran 19 ga watan Yuli na 2024 kamfanin CrowdStrike ya saki nasa gaba ɗaya, kwamfutoci wajen miliyan 8 da rabi suka tsaya, har jiragen sama suka kasa tashi.

Albashin ma'aikata da kuɗin da ake aikawa ta wayar salula duk a kan manhaja suke tafiya. Saboda haka duk ma'aikatar da za ta ba da kwangilar manhaja, ta rubuta cikin yarjejeniya wanda zai duba, da irin gwajin da za a yi, kuma ta ga takardar sakamakon kafin ta biya ko dala.