Yaron da ya haddace izu goma bai iya ɗaure takalmi ba, sai mu ce iskanci ne?

Jama'a, yau raina a ɓace yake. A nan Dundaye na ga an zane wani yaro ɗan shekara tara don ya kasa jera lambobi a lissafi. Hujjar malamin: "Wanga yaro ya fi kowa baki, ya haddace izu goma, da gangan yake yi."

Wallahi ba da gangan ba ne.

Akwai yaran da Allah ya ba kaifin harshe da hadda, amma duk abin da ba a faɗa da baki ba yana yi musu wuya. Ka haɗe fuska, bai gane ka yi fushi ba. Ka yi masa gatse, ya ɗauka gaskiya ce. Rubutunsa ya hau layi ya sauka, hagu da dama su rikice masa, ka aike shi kasuwa ya ɓace a hanyar da ya sha bi. Masana a Amurka sun bayyana wannan matsalar tun 1967, kuma sau da yawa tana tafiya tare da galahanga ko rashin natsuwa. A 2024 Gwamnan Minnesota, Tim Walz, da matarsa suka faɗa wa duniya ɗansu na da ita. Ba su ji kunya ba.

Mu kuwa? Dolo, mai taurin kai, ko a ce aljanu. Bakinsa ne ke ɓoye ciwonsa, mu kuma mu hukunta shi da bakin nasa.

Na san za a ce mu ma da bulala muka tashi. To, bulala ta taɓa buɗe idon makaho?

Malam, abin da kake nuna masa da ido, faɗa masa da baki, ɗaya bayan ɗaya. Ba shi takarda mai gida-gida ya jera lambobinsa. Iyaye, ku kai shi a duba shi: ga UDUTH, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Zuwa can ba hauka ba ne.

Jami'ar Ɗanfodiyo tana bakin ƙofarmu. Malaman sashen ilimi, don Allah ku shigo makarantun unguwa ku wayar da kan malamanmu.

Yaron bai zo makaranta ba tun ranar. Wa zai ɗauki alhakinsa?