Karatun Kwamfuta a Jami'a ga 'Ya'yan Mirriya: Fa'idodi da Illoli

Tsakanin Mirriya da birnin Damagaram tafiyar kilomita 18 ce ko kusa da haka, kuma tun shekarar 2010 wannan 'yar tazara ta zama hanyar jami'a. A shekarar ce gwamnatin Nijar ta kafa jami'o'i a Damagaram da Maraɗi da Tawa, bayan an yi kusan shekara arba'in jami'ar gwamnati guda ce tak, wato ta Yamai, mai nisan kilomita kusan 900 daga nan. Ta Damagaram a yau tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin, wanda ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, ya rasu a 2022.

Cikin fannonin da masu sabuwar takardar bak, wato ta kammala sakandare, ke yawan ambata akwai ilimin kwamfuta. Mai son zurfafawa a cikinsa yakan duba har Doso, inda jami'ar da aka kafa a 2014 ta karkata ga fasahar sadarwa, ko ya nufi Yamai, ko ya tsallaka Kano. Iyaye kuwa sun kasu. Wasu na ganin fannin ne mabuɗin arzikin zamani, wasu na ganin danne-dannen waya ne aka yi wa rawani. Ba a iya auna fannin shi kaɗai, domin ɗalibi ba a sarari yake karatu ba: yana da wurin kwana, da abin da zai ci, da wutar da zai jona na'urarsa. Saboda haka za a auna su tare, hukunci kuma na mai ɗa ne da ɗan nasa.

Fa'idodi

Ta farko ita ce ƙarancin jari. Mai koyon likitanci yana buƙatar asibiti, mai koyon aikin man fetur yana buƙatar matata irin ta SORAZ da ɗakin gwaji mai tsada. Mai koyon rubuta manhaja kuwa, kwamfutar hannu ɗaya, ko da ta gwanjo ce, tana iya kai shi nesa. Harshen Python kyauta ne, tsarin Linux kyauta ne, manyan jami'o'in duniya da dama sun zuba darussansu a intanet ba tare da karɓar ko dala ba. Kaɗan ne fannonin da ɗan Mirriya zai karanta littafi ɗaya, ya yi aiki da kayan aiki ɗaya da ɗalibin Faransa ko Amurka a rana ɗaya. Wannan daidaito bai cika ba, kamar yadda za a gani a gaba, amma ba ƙarya ba ne.

Ta biyu, akwai shaidar cewa 'yan Nijar sun gwada sun kuma yi fice. A 2018, a birnin Kigali na Ruwanda, Latifa Salissou Hassane Yari ta lashe gasar Miss Geek Africa, wadda ake shirya wa 'yan mata masu ƙirƙira, da manhajar Saro da ta tsara domin gaggauta kai ɗauki ga waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su. Kafin ita, masanin kwamfuta Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar da manomi zai kunna injin ban-ruwan lambunsa ya kashe ta wayar salula, da wutar hasken rana, ba sai ya taka ƙafa ya je ba. Aikin ya samo masa kyautar kamfanin Orange a 2011, sannan babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Abin lura a nan, ba wanda ya kwaikwayi matsalar wata ƙasa a cikinsu. Haɗarin mota da wahalar ban-ruwa abubuwa ne da duk mai lambu a Mirriya da duk mai bin hanyar Gure ya sani. Adalci dai ya sa a faɗi cewa mutum biyu ba su zama ma'auni ga dubbai, kuma kyauta daban, sana'ar da za ta ciyar da gida shekara da shekaru daban. Duk da haka sun isa su rushe zancen cewa wannan ilimi ba na mutanenmu ba ne.

Ta uku, buƙatar tana nan a gida, tana kuma ƙaruwa. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, waɗanda ɗan ci-rani ke turo wa iyalinsa cefane ta hannunsu, a kan manhaja suke tafiya. Rajistar haihuwa a ma'aikatar magajin gari, lissafin magani a asibiti, sakamakon jarrabawa, taswirar filaye, duk suna komawa na'ura sannu a hankali. A 2017 gwamnati ta kafa hukumar ANSI domin jan ragamar wannan sauyi. Babban aikin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, ya haɗa da reshen Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, kuma a 2025 Starlink ya fara aiki a ƙasar bisa izini. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana neman mai kafawa, mai gyara da mai tsaro. In ba a horar da na gida ba, baƙo za a ɗauko a biya shi da tsada.

Ta huɗu ta shafi harshe, kuma ba a cika ba ta muhimmancin da ya dace da ita ba. Kundin tafiyar da mulki da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ayyanawa a takarda ba ta sa na'ura ta ji Hausa. Google Translate ya saka Hausa tun 2013, masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu na ƙungiyar Masakhane sun tattara rubutun Hausa mai yawa domin koya wa na'ura, amma galibin abin da aka tara Hausar Najeriya ce. Karin harshen Damagaram, da kalmomin da ya aro daga Barebari da Faransanci, da rubutun ajami da ke ajiye a gidajen malamai, suna jiran wanda ya tashi da su a baki ya kuma san kwamfuta. Mafi yawan mutanen karkara ba su karanta Faransanci, don haka manhajar da za ta yi wa manomi bayanin farashin gero ko ranar rigakafi da murya, cikin harshensa, ba wanda ya fi ɗan ƙasar cancantar ya gina ta.

Ita kanta rayuwar jami'a makaranta ce ta biyu. A ɗakin kwanan ɗalibai da layin abinci na hukumar CROU, Bahaushe da Babarbare da Bazabarme da Buzu da Bafillace da Tubawa suna raba tabarma da caja. Ilimin kwamfuta ya fi shiga ta irin wannan zama, inda wanda ya gane yake nuna wa wanda ya maƙale, a kwana ana neman kuskure ɗaya a cikin layi ɗari. Alawus ɗin hukumar ANAB, ga wanda ya samu, yana bai wa ɗan talaka damar da mahaifinsa bai taɓa mafarki ba. Kusancin jami'a kuma ya sa wasu iyayen da ba za su taɓa barin 'yarsu ta tafi Yamai ba sun yarda ta yi karatu a Damagaram, inda ake iya ganin ta duk mako.

Akwai kuma damar yin aiki daga nesa. Ƙasar Filifin ta gina masana'antar da ke ɗaukar mutum fiye da miliyan ɗaya suna yi wa kamfanonin waje aiki ta waya da intanet ba tare da barin ƙasarsu ba. Sai dai ta kai nan ne da Ingilishi da ya zauna a makarantunta da shekaru na zuba jari, don haka misalin yana nuna abin da zai yiwu, ba abin da ke bakin ƙofa ba.

Illoli

Babbar illa ba daga fannin take ba, daga wuta take. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, kuma yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana dogaro da layin da ke shigowa daga Katsina. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni kafin a maido ta a Maris na 2024. Ɗalibin tarihi zai iya karatu da fitilar hannu. Ɗalibin kwamfuta, da zarar batir ya mutu, karatu ya tsaya. A watannin bazara, lokacin da zafi ya fi tsanani, ɗauke wuta ya fi yawa, ga ƙarancin ruwan da birnin Damagaram ya yi suna da shi tun zamanin Turawa. Faranti mai hasken rana yana rage matsalar, amma kuɗi ne, haka ma kuɗin intanet da ke cinye alawus tun wata bai raba ba.

Daga nan sai gibin da ke tsakanin allo da na'ura. Inda ɗalibai suka yi yawa, kwamfutoci da malamai suka yi kaɗan, akan koma rubuta manhaja a takarda, a haddace, a zuba a jarrabawa. Ana iya fita da sakamako mai kyau alhali hannu bai saba ba. Wannan ba laifin malamai ba ne kacokan, domin ƙwararre a wannan fanni yana samun albashin da jami'ar gwamnati ba ta iya biya, don haka riƙe shi a aji yana da wuya a ko'ina cikin duniya. Sakamakon dai ɗaya ne: wanda iyayensa suka iya saya masa kwamfuta ya yi gaba, wanda ke jiran aro ya tsaya. Fannin da aka yaba da daidaita mutane sai ya koma yana faɗaɗa tazarar da ke tsakanin ɗan birni da ɗan ƙauye. Ga kuma shingen harshe hawa biyu, domin yaron da ya sha wahalar Faransanci zai tarar mafi yawan littattafan fannin da Ingilishi aka rubuta su.

Illa ta uku ita ce lokaci. A tsarin da jami'o'in ƙasar ke bi, lisans, wato digirin farko, shekara uku ce. A aikace, jinkirin biyan alawus, da yajin aikin ƙungiyar ɗalibai ta USN ko ta malamai ta SNECS, sun sha sa shekarar karatu ta hau kan wata, uku ta zama huɗu ko fiye. Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗalibai laifin duka. Buƙatunsu na ɗakin kwana da mota da abinci na gaskiya ne, kuma gwagwarmayarsu tana da tarihi mai nauyi, tun daga ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, abin da ya taimaka wajen buɗe ƙofar dimokuraɗiyya, har zuwa rasuwar ɗalibi Mala Bagalé a zanga-zangar Afrilu 2017. Amma jinkiri ya fi cutar da ɗalibin kwamfuta fiye da saura, saboda abin da ya koya a shekarar farko yana iya tsufa kafin ya karɓi takardarsa.

Takardar ma ba ta zuwa da aiki a manne. Manyan kamfanonin sadarwa da bankuna da ma'aikatu suna Yamai, guraben kaɗan ne, masu nema da yawa. Da dama sukan yi hidimar ƙasa, su koma koyarwar kwantaragi, ko su buɗe shagon buga takardu da gyaran waya. Sana'ar halal ce, ba abin raini ba, sai dai ba ita aka yi wa shekarun jami'a ba. Waɗanda suka fi ƙwarewa kuma su ne suka fi saurin samun hanyar Dakar ko Faransa ko Kanada, ƙasa ta yi shuka wani ya girbe, ko da yake abin da suke aikowa gida ba ƙarami ba ne. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 wani sabon abu ya ƙaru: ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su, na'ura ta fara yin wasunsu, kuma ɗalibi na iya miƙa aikin gida da bai fahimci ko layi ɗaya a ciki ba. Na'urar dai tana iya zama malamin dare ga wanda ba shi da mai tambaya. Ya danganta da wanda ya riƙe ta.

Akwai haɗarin karkacewa. A watan Mayu na 2000, wata muguwar manhaja mai suna ILOVEYOU ta fito daga Manila ta lalata miliyoyin kwamfutoci a duniya cikin 'yan kwanaki. Wanda ya rubuta ta, Onel de Guzman, ɗalibin kwamfuta ne, kuma ba a hukunta shi ba domin Filifin ba ta da dokar da ta hana hakan a lokacin, sai bayan abin ya faru aka yi ta. Matashi mai gwaninta, marar aiki, mai ganin 'yan damfarar intanet suna hawa manyan motoci, yana cikin jarrabawa ta gaske. Nijar ta yi dokar laifuffukan intanet a 2019, aka sassauta sashenta na ɓata suna a 2022, aka maido da hukuncin ɗauri a 2024. Wasu na ganin kariya ce ga jama'a, wasu na ganin tana iya taƙaita faɗin albarkacin baki. Ko ta wane ɓangare aka tsaya, ɗalibin da ke yini a intanet ya fi kowa kusa da tarkonta, kuma mafi yawan masu amfani da fasahar, wajibi ne a faɗa, ba su taɓa cutar da kowa ba.

Ta ƙarshe ta shafi ƙasa fiye da mutum ɗaya. Masu cin bak a ajin kimiyya da lissafi ba su da yawa, 'yan mata a cikinsu sun fi ƙaranci. Idan yayi ya kwashe mafi hazaƙarsu zuwa fanni guda, wa zai nemo wa Damagaram ruwan ƙarƙashin ƙasa, wa zai binciki cutar da ke kama rake da albasa a fadamu, wa zai koyar da lissafi a sakandaren Mirriya? Jihar Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a a ƙasar, tana buƙatar likita da ungozoma da injiniyan ruwa ƙwarai da gaske. A ɗaya hannun kuma, injiniyan ruwan yau da taswirar tauraron ɗan'adam yake neman inda zai haƙa rijiya, likita da na'ura yake bin yaɗuwar sanƙarau. Saboda haka akwai ɗaliban da zai fi musu amfani su karanci ilimin ƙasa a nan Damagaram, su koyi rubuta manhaja a gefe, akwai kuma waɗanda baiwarsu a lissafi ta kai a ce asara ne a hana su tafiya Doso ko Yamai su ba fannin dukan ƙarfinsu.